Tarihin Fara da Asirin Tafiyarta

A ƙasar Hausa abu biyu manomi ya fi tsoro tun zamanin kakanni, watau fari da fara. Fari shi ne ɗaukewar ruwan sama, yakan zo a hankali, mutum yana duban gabas kullum yana sa rai. Fara kuwa ba ta sallama. Sai dai a ga wani abu ya taso kamar hadari, rana ta dusashe, a ji ƙugi sama, kafin magariba gonar da aka yi wata uku ana wahalarta ta koma karare tsaye.

Unguwar Tudu gari ne na manoma a ƙasar Gwarzo, yamma da birnin Kano, kadan an bi hanyar Kabo. Abincin mutanen wannan yanki dawa ne da gero da masara, sa'an nan su haɗa da gyaɗa da wake. Tsakanin Kano da Gwarzo tafiyar kilomita 70 ce ko kusa da haka. Rundunar fara takan yi tafiyar kilomita 150 a yini guda in iska ta ba ta baya, saboda haka wadda ta tashi daga bakin badalar Kano da hantsi tana iya yin azahar a gonakin Gwarzo. Masu awo sun ce kadan fara ta rufe fili mai tsawon kilomita 1 da faɗin kilomita 1, akan sami miliyan 40 zuwa miliyan 80 a cikinsa. Kowace guda tana cin daidai nauyin jikinta kullum, watau giram 2. In an buga lissafi da miliyan 40, ganye da zangarniyar da za su cinye a yini ya kai nauyin buhu 800 na kilo ɗari-ɗari.

To, abin tambaya shi ne, ƙaƙa ƙwaro ɗan mitsitsi, wanda yara ke kamawa da hannu, yake haɗuwa miliyan bisa miliyan ya nufi wuri guda? Wa ke ba su umurni? An yi fiye da shekara ɗari masana suna bin sawun wannan tambaya, kuma wani yanki na labarin ya biyo ta birnin Kano.

Annobar 1928

Littattafan addini sun ambaci fara cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna, watau dai ɓarnarta daɗaɗɗiya ce. Amma ba kowace yunwa ce fara ta kawo ba. Babbar yunwar da aka yi a 1913 zuwa 1914, zamanin Sarkin Kano Abbas, wadda ake kira Kakalaba, ƙarancin ruwan sama ne tushenta. Wadda fara ta yi wa Afirka kaca-kaca ita ce ta 1928.

Can ƙasar Mali, wajen Masina, tsakanin Jenne da Tumbuktu, Kogin Kwara yakan yi ambaliya kowace shekara ya malale wani makeken fili. In ruwan ya janye da rani sai ɗanyar ciyawa ta tsiro a sawunsa. Saboda haka farar wurin ba ta rasa abinci, tana haihuwa da damina a tudu, tana haihuwa da rani a fadama. A cikin 1928 ta yi yawan da ya wuce kima, ta tashi runduna runduna. Daga ƙarshen 1929 zuwa 1930 ta shigo Nijeriya, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Kafin shekara biyar ta kai gabashin Afirka, ta gangara kudu har Angola. Ba ta kwanta ba sai 1941, watau shekara 13 tana yawo. A daidai wannan lokaci kuma wata irin fara, ta hamada, tana nata ta'adin, daga 1926 zuwa 1934.

Farar Masina ta fi son dangin ciyawa, gero da dawa da masara da rake, watau ainihin abin da ke cika rumbun Bahaushe. Don haka hukuma ta riƙa kwaɗaitar da mutane su shuka rogo, gama abincinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Makamin da ke akwai a wancan zamani kaɗan ne. Akan tara gayya a haƙa dogon rami gaban 'ya'yan fara waɗanda ba su yi fiffike ba, waɗanda ake kira ɗango, a kora su ciki a binne. Akan buge su da reshe, ko a kewaye su da wuta, ko a barbaɗa musu dusa da aka cuɗa da guba. Masu fiffike kuwa sai dai a kaɗa gwangwani a yi hayaƙi, su tashi daga gonar wani su sauka ta maƙwabcinsa.

Inda abin ya fi muni shi ne yammacin Nijar, ƙasar Zabarmawa, wajen Dosso da Yamai. Fara ta cinye amfanin 1930, ga haraji da aikin tilas na Faransa ba a sassauta ba, sai yunwa ta faɗa musu a 1931. Dubban mutane suka mutu, waɗansu dubbai suka yi ƙaura zuwa ƙasar Sakkwato da sauran wurare. Bayan wannan ne Faransawa suka tilasta wa garuruwa ajiye rumbun tsimi.

Mutumin da ya gane fuska biyu

Tun dā mutane sun lura fara takan ɓace shekaru da yawa, kamar ƙasa ta haɗiye ta, sa'an nan ta bayyana gaba ɗaya. Ba wanda ya san inda take ɓuya. Wani masanin ƙwari mutumin Rasha, sunansa Boris Uvarov, wanda ya koma Landan da zama a 1920, shi ya warware wannan a 1921. Akwai fara iri biyu da masana suka ba sunaye dabam dabam. Ɗaya mai launin ciyawa ce, tana zama ita kaɗai, tana gudun 'yan'uwanta, ba ta ɓarnar kirki. Ɗayar kuwa 'ya'yanta baƙaƙe ne da ratsin ruwan goro, suna tafiya a cunkushe. Uvarov ya nuna ashe halitta guda ce mai fuska biyu. Kadan aka reni ɗiyar fara ita kaɗai sai ta tashi mai kunya, kadan aka rene ta cikin taro sai ta sake launi, ta sake hali, har sifar jikinta ta sake. Ashe fara ba ta zuwa ko'ina, tana nan cikin ciyawa ta sake riga.

Wannan ilmi ya nuna dabara. Tun da yake akwai wuraren da fara ke fara cunkusuwa, in an gano su aka tsare su, an kashe wutar tun tana ƙarama. Aka yi tarurrukan ƙasashe a kan haka, a Roma 1931, a Faris 1932, a Landan 1934, a Alƙahira 1936, a Burasal 1938. Masu bincike na Faransa da Ingila suka bi sawun rundunonin baya baya, har suka tabbata fadamar Kwara ta Mali ce mahaifar annobar 1928. A 1945 aka kafa cibiyar binciken fara a Landan, Uvarov ne shugabanta. A 1952 Ingila da Faransa da Beljiyam suka ƙulla yarjejeniya ta tsaron wannan fadama. Da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai sai suka karɓi aikin, wakilansu suka taru a birnin Kano suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya ran 25 ga Mayu, 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Ma'aikatan ƙungiyar suka riƙa kewaya fadamar suna ƙidayar fara, inda suka ga ta fara taruwa su fesa magani. An rushe ƙungiyar a 1986, amma tun 1941 farar Masina ba ta sake mamaye Afirka kamar wancan karo ba.

Abin da ke juya halinta

Uvarov ya nuna cunkoso ke sake halin fara, amma ta wace hanya jikinta ke sanin an cunkushe? Amsar ta daɗe ba ta samu ba. A 2001 Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oksford ta Ingila suka ɗauki farar hamada mai zaman kaɗaici, suka riƙa shafa mata ɗan buroshi mai laushi a gaɓoɓi dabam dabam. Shafar kai ko ciki ko fiffike ba ta yi wani tasiri ba. Da aka riƙa shafa cinyar ƙafarta ta baya, wadda take tsalle da ita, cikin 'yan sa'o'i sai ta daina gudun 'yan'uwanta ta koma nemansu. A 2009 aka gano wani sinadari ne a jijiyoyinta, mai suna sirotonin, yake ƙaruwa, kuma sa'a 2 ta isa halin ya juya. A 2020 kuma masanan ƙasar Sin suka gano a dangin farar Masina, da zarar huɗu ko biyar sun haɗu sai su fara fitar da wani ƙamshi mai kiran saura.

Ga yadda abin ke faruwa a daji. Ruwa mai yawa ya sauka a hamada, kamar Tamesna da gindin duwatsun Azbin a arewacin Nijar. Ciyawa ta tsiro, macen fara ta tsoma cikinta a danshin rairayi ta zuba ƙwai wajen 80 a rami guda. Bayan kamar mako biyu su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su yi saɓa sau biyar cikin kwana 30 zuwa 40, sa'an nan su yi fiffike. In damina ta yi kyau yawansu yakan ninka sau 20 cikin wata uku, sau 400 cikin wata shida, sau 8,000 cikin wata tara. Daga nan ƙasa ta fara bushewa, ɗanyar ciyawa ta rage sai a 'yan kwaruruka. Dukansu su taru nan, cinya na gogar cinya. Shi ke nan, runduna ta haɗu.

Runduna ba sarki

Wanda ya ga ɗango yana tafiya, faɗinsa ya fi filin idi, duka sun fuskanci gefe guda kamar ruwa na gangara, lalle zai ce akwai madugu a gaba. An bincika ba a sami ko ɗaya ba. Wadda ke gaba yanzu, an jima tana tsakiya. Kowace guda kuma ba ta ganin abin da ya wuce 'yan maƙwabtanta.

A nan masu ilmin fiziks suka shigo, watau ilmin da ke binciken motsin abubuwa da ƙarfin da ke motsa su. Sun saba da abubuwan da ke sake hali farat ɗaya. Man shanu yakan zauna a narke, sanyi na ƙaruwa kaɗan kaɗan ba a ga kome ba, sai wata safiya ta hunturu a tarar ya daskare. A 1995 wani masani mutumin Hangari, Tamas Vicsek, ya zana ɗigo-ɗigo masu yawa cikin kwamfuta, ya ba su doka guda: kowane ɗigo ya yi ta tafiya, ya dubi inda na kusa da shi suka dosa ya dosa can, amma da ɗan kuskure. Da ɗigon ba su da yawa sai kowa ya kama gabansa. Da aka ƙara yawansu aka kai wani haddi, sai duka suka juya gefe guda, ba tare da an naɗa musu shugaba ba.

A 2006 masanan Oksford, cikinsu da Simpson da Iain Couzin, suka gwada wannan da ɗango na gaske. Suka yi wani fili mai kama da zobe, faɗinsa santimita 80, suka sa na'urar ɗaukar hoto bisansa har sa'a 8. Da suka zuba bakwai ko ƙasa da haka, sai yawo barkatai. Da suka zuba 10 zuwa 25, sai suka jeru suna kewaya zoben, amma lokaci lokaci duk su juya su koma baya gaba ɗaya. Da suka kai 30, suka ɗauki hanya guda ba su sake ta ba har aka gama. Gaskiyar masu iya magana, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A 2008 aka ƙara gano wani abu. Ɗango yana ƙishin gishiri da abinci mai gina jiki, abin da ya fi kusa da bakinsa kuwa shi ne ɗan'uwansa. Wadda ta tsaya, ta baya sai ta cije ta, in ta raunana a cinye ta. Saboda haka kowace tana gudun ta baya tana bin ta gaba. Da masu bincike suka kashe jijiyar da ke sa fara jin taɓi a bayanta, sai tafiyar ta ragu ƙwarai, cizo ya yawaita. Watau tsoro na cikin abin da ke kora wannan runduna.

Ilmi dai ba ya tsayawa. A 2025 masana a Konstanz ta ƙasar Jamus, tare da Couzin ɗin nan, suka gyara maganar 2006. Sun bi ɗango a dajin Kenya a 2020, suka ga wadda aka rufe wa ido takan ɓace wa tafiyar, wadda aka hana jin ƙamshi kuwa tana bi daidai. Sa'an nan suka ɗora fara guda bisa wata ƙwallo mai juyawa, suka kewaye ta da hotunan fara na ƙarya masu motsi. Da aka sa ta tsakanin jeri biyu masu tafiya gefe guda, dokar Vicsek ta ce ta miƙe tsakaninsu. Ita kuwa sai ta zaɓi jeri ɗaya ta nufe shi. Suka ce fara ba ta auna inda jama'a suka dosa, idonta ne ke kama waɗanda ke motsi kusa da ita, su ja ta kamar maganaɗisu. Suka ce kuma yawa kaɗai bai isa ba, abin da ya fi ƙarfi shi ne waɗanda take gani su kasance sun riga sun daidaita. Mai karatu da ya taɓa shiga cikin masu saukowa daga idi ta ƙofa guda ya san yadda ƙafa ke bin bayan wanda ke gaba ba da shawara ba.

Ba fara kaɗai ke wannan ba. A 2008 masanan birnin Roma suka ɗauki hotunan wasu tsuntsaye masu tashi dubu dubu da maraice, suka gano kowane tsuntsu yana lura da shida ko bakwai ne na kusa da shi, kome nisansu. Ɗaya daga cikin masanan, Giorgio Parisi, ya sami lambar Nobel a 2021. Manomin da ya ga jan-baki sun taso kan gero suna murɗawa sama kamar hayaƙi ya ga irin wannan abu da idonsa.

Fara da iska

Kadan ɗango ya yi fiffike, hukuncin tafiya ya koma hannun iska. A 1951 wani Bature mai suna Rainey ya nuna rundunar fara bin iska take yi, iska kuwa tana kai ta inda iskoki biyu ke karo, nan ne kuma ruwan sama ke sauka. A ƙasar Hausa iskar hamada mai busowa daga arewa maso gabas tana karo da iskar teku mai tasowa daga kudu maso yamma. Mahaɗarsu takan hau arewa da bazara, ta komo kudu da kaka. Fara na bin wannan mahaɗa, don haka take sauka daidai inda za ta sami danshin zuba ƙwai. Hotunan da aka ɗauka daga ƙasa sun nuna a cikin runduna ƙungiyoyi suna fuskantar ko'ina, amma waɗanda suka kai baki sukan juyo ciki, shi ya sa ba ta watsewa. Na gaba suna sauka su ci, na baya suna tashi su tsallake su, tana mirginawa bisa ƙasa. Wani lokaci iska kan yaudare ta. A watan Oktoba 1988 iska ta kwashi rundunoni daga yammacin Afirka ta ƙetare teku da su, tafiyar kilomita 5,000, har tsibiran Karibiyan.

Bayan 1962

Farar hamada ba ta da mahaifa guda da za a tsare, daga Muritaniya har Indiya take haihuwa. Ta yi annoba daga 1949 zuwa 1963, ta sake yi daga 1986 zuwa 1989. A 2004 ta faɗa wa Muritaniya da Senegal da Mali da Nijar, ga ruwa ya ɗauke da wuri, sai aka shiga matsanancin ƙarancin abinci a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2005. A wancan karo an fesa magani a fili mai hekta miliyan 13 a ƙasashe dabam dabam. A 2018 guguwar teku ta zuba ruwa sau biyu a hamadar Larabawa inda ba kowa, fara ta hayayyafa ba mai gani, a 2020 Kenya ta ga abin da ba ta gani ba cikin shekara 70.

Makamai kuma sun sake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami magunguna masu ƙarfi da jiragen sama na feshi, daga baya aka hana waɗansunsu saboda suna daɗewa a ƙasa suna cutar mutum da dabba. Daga 1989 aka yi aikin haɗa wani magani daga wata irin fumfuna mai kashe fara kaɗai, wadda aka samo asalinta a jikin wata fara a Nijar, aka gwada ta a Maine Sorowa. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Roma, tana duban hamada da tauraron ɗan'adam, inda aka ga kore ya ɓullo sai a aika 'yan sintiri da mota.

Duk da haka idon manomi bai rasa aiki ba. Fara ta fi rauni tun tana ɗango, kafin fiffike, da kuma sassafe sa'ad da sanyi ya kama ta bisa reshe, lokacin da masu kamun fara ke cika buhunansu. Fara halal ce, soyayyarta da yaji abin marmari ne a kasuwannin Kano, amma wadda aka kama inda aka yi feshi guba ce, kada a ci, kada a sayar. Mutumin Unguwar Tudu ko Kabo da ya ga 'ya'yan fara sun sake launi, sun daina watsewa in an matso su, sun fara jeruwa gefe guda, to ya ga farkon runduna. Kada ya jira gobe. Ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, a sanar da malamin gona tun abin yana tabarma guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya tsare gonakin talakawa, ya ba da damina mai albarka, amin.